Tazarar Layi da Yawan Tsiro a Noman Waken Mung na Rani a Gulbin Maradi

Waken mung ɗan uwan wakenmu na gida ne, domin masana tsirrai sun sanya su a zuriya ɗaya: namu suna ce masa Vigna unguiculata, shi kuma Vigna radiata. Ƙwayarsa ƙarama ce, koriya shar, ba ta kai rabin ƙwayar wake ba. Asalinsa daga Indiya ne, kuma har yau can aka fi noma shi da cinsa, sai Miyanmar da Sin, a nahiyarmu kuwa Kenya da Tanzaniya sun daɗe da saninsa. Zan riƙa ce masa waken mung, saboda idan na ce koren wake masu lambu za su ɗauka ɗanyen waken nan nake nufi wanda ake sayarwa da kwansonsa. Abin da zai ja hankalin mai noman rani gare shi shi ne gajeren zangonsa, domin ingantaccen iri yana nuna cikin kwana 60 zuwa 75, ke nan yana iya shiga tsakanin amfani biyu a fili ɗaya, kuma saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin naitirojin kamar yadda saiwar wake take yi.

Sai dai wannan dangantaka ce take yaudarar manomi tun ranar shuka. Shekarar da na fara gwada shi a ɗan lambuna na bakin gulbi, sungumi na ɗauka na yi masa irin shukar da hannuna ya saba, layi da layi santimita 75, rami da rami wajen 50, ƙwaya biyu a kowane rami. Ya tsiro lafiya, ya tashi zuwa gwiwa, daga nan ya tsaya cak ya fara fure, alhali ƙasar da ke tsakanin layuka tana nan tsirara, sai aya-aya da ta samu ruwa da rana a ɓagas ta mamaye ta. Wani dattijo da muke iyaka da shi ya leƙo ta saman darni wata safiya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ai rowar iri ka yi wa gonar nan. Ruwan da kake ɗagowa da mai, rabi rana ce ke sha, sauran kuma ciyawa." Na ce, "Baba, ai haka muke shuka wake." Ya ce, "Wake yaɗo yake yi, ya je ya tarar da ɗan uwansa. Wannan kuwa a tsaye yake kamar riɗi, inda ka ajiye shi nan za ka same shi." Da na zauna na yi lissafi daga baya, sai na ga tsiro biyar kacal nake da shi a kowace murabba'in mita, a wurin da ya kamata a ce akwai talatin ko fiye.

Dattijon ya faɗi gaskiyar halittar wannan tsiro. Waken mung yana miƙewa ne sama, galibi bai wuce ƙugu ba, rassansa kaɗan ne kuma gajeru, yana fara fure tsakanin kwana 30 zuwa 40 bayan shuka, kuma da zarar ya shiga fure sosai sai ƙarfinsa ya koma ga 'ya'ya, sabon ganyen da zai ƙara bai taka kara ya karya ba. Ganye shi ne yake karɓar hasken rana ya mayar da shi abinci, saboda haka duk hasken da ya faɗi a kan ƙasa tsakanin layuka asara ne, kuma tsiron da yake da wata ɗaya kacal na yin ganye ba shi da lokacin cike giɓin da manomi ya bari. Burin mai shuka shi ne ganyen layi ya haɗu da na maƙwabcinsa, ƙasa ta rufe ruf, daidai lokacin da furen farko yake bayyana ko kafin nan da 'yan kwanaki. Duk ma'aunin da zan kawo a ƙasa hanya ce ta cimma wannan.

Abu biyu ne ake yawan cuɗawa, alhali kowanne da aikinsa. Na farko shi ne yawan tsiro, wato tsiro nawa ne yake tsaye a kowace murabba'in mita. Na biyu shi ne tazarar layi, wato yadda aka jera waɗannan tsirrai a filin. Mutum biyu za su iya zuba iri daidai da juna, su samu tsiro 33 a murabba'in mita, amma ɗaya ya yi layuka masu tazarar santimita 30 da tsiro ɗaya a kowane santimita 10, ɗayan kuma ya yi layuka masu tazarar 75 ya cusa tsiro 25 a kowace mita ta layi, wato santimita 4 tsakanin tsiro da tsiro. A gonar na farko kowane tsiro yana da ɗan filinsa ta kowane gefe, saiwoyi suna bazuwa ko'ina suna shan ruwan da aka zuba. A gonar na biyu tsirrai suna danne juna tun suna ƙanana, masu rauni suna mutuwa, kuma tsakiyar layi ba ta rufewa har a yi girbi. Gwaje-gwajen da aka yi a jihar Kwinsland ta Ostiraliya, inda ake noman wannan wake da injuna don fitarwa ƙasashen waje, sun nuna cewa layuka masu tazarar santimita 25 da 50 suna fin masu tazarar mita ɗaya amfani ko da yawan tsiron bai bambanta ba, kuma bambancin ya fi fitowa inda ruwa ya wadata, wanda shi ne halin mai ban ruwa.

Ma'aunin da nake ba da shawarar a fara da shi a fadamunmu shi ne santimita 30 tsakanin layuka da 10 tsakanin tsiro, wanda shi ne aka fi sani a gonakin Asiya inda ake aiki da hannu kamar mu. Wannan yana ba da tsiro 33 a murabba'in mita, kimanin 333,000 a hekta. Lissafin ba shi da wuya: a ninka tazarar layi da tazarar tsiro a santimita, sannan a raba 10,000 da abin da aka samu. Idan 40 da 10 ne, tsiro 25 ke nan. Idan 45 da 10 ne, 22. Idan 25 da 10 ne, 40. Idan 50 da 7 ne, kusan 29. Wanda ya fi son shukar rami, kamar yadda aka saba, zai iya yin 30 da 20 ya bar tsiro biyu a kowane rami, ya dawo kan 33 ɗin dai, ko da yake jere ɗaɗɗaya ya fi daidaito. A ƙarƙashin ban ruwa, duk abin da ya faɗa tsakanin 30 da 40 yana kan hanya. Abin da ya gaza 20 ya yi ƙaranci, abin da ya haura 50 kuma ya fara zama ɓarnar iri.

Kada a dogara da kamu da tafin hannu wajen awo, domin hannun maigida da na yaron da zai taya shi shuka ba ɗaya ba ne, kuma kuskuren santimita biyar a kowane layi yana taruwa ya zama dubban tsirrai a hekta. Rular 'yan makaranta mai tsawon santimita 30 ta isa: a yanka kara biyu daidai tsawonta don auna layuka a bakin fangali biyu, sannan a samu igiya a ɗaure mata ƙulli ko a ɗiga mata fenti a kowane santimita 10, a ɗaure ta da turaku biyu, a riƙa matsar da ita layi bayan layi. Aikin rabin yini ne a fangula masu yawa, kuma igiyar tana nan har shekara mai zuwa.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ƙarin iri ba ya zama ƙarin amfani har abada, kuma zan nuna shi da misalin lissafi kawai, ba sakamakon wani gwaji ba. A ce tsiro ɗaya ya ɗauki kwanso 10, kowane kwanso da ƙwaya 10, ƙwaya 100 kuma tana da nauyin giram 5. Tsiron ya ba da giram 5 ke nan, tsiro 30 su ba da giram 150 a murabba'in mita, wato kilo 1,500 a hekta. Idan tsiro 10 ne kawai a wurin, kowanne zai samu sarari ya yi rassa, amma ko ya ninka 'ya'yansa ya kai kwanso 20, jimlar ba za ta wuce giram 100 ba. Idan kuma aka cusa tsiro 60, inuwa za ta hana rassa fitowa, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa ya zube, kowane tsiro ya siririce yana neman haske ya ɗauki kwanso huɗu ko biyar a ƙololuwarsa, a ƙare da abin da bai fi na tsiro 30 ba, bayan an kashe iri ninki biyu. Tsakanin 25 da 40 tsiron yana daidaita kansa, abin da ya rasa a yawa ya mayar a rassa, shi ya sa wanda ya samu 28 maimakon 33 bai kamata ya tayar da hankalinsa ba. Cunkoso kuwa yana da wasu illolin bayan asarar iri. Kara mai tsawo da siranta yana kwantawa idan iska ta taso bayan an yi ban ruwa, kwanson da ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ruɓewa yake yi ko ƙwayar ta tsiro a ciki. Iska ba ta ratsa ganye, sai cutar farin gari, wadda take shafe ganye kamar an barbaɗa masa toka, ta samu wurin zama, musamman a lokacin sanyi da bushewa, kuma maganin da aka fesa saboda darɓa ko tsutsar kwanso a saman ganye yake tsayawa.

Yanzu sai hanyar ban ruwa, domin a aikace ita ce take yanke tazarar da za ta yiwu. Wannan wake ba ya jure kwanciyar ruwa ko kaɗan. Idan saiwarsa ta kwana ta yini cikin ruwa, ganye yana yin ɗorawa, ƙulle-ƙullen saiwa masu tara naitirojin suna lalacewa, ƙananan tsirrai kuma suna mutuwa, sai a wayi gari lissafin 33 ya koma 15. A ƙasa mai yashi wadda ruwa yake nutsewa da sauri, irin ta gefen jigawa, shimfiɗaɗɗen fangali ya wadatar, da sharaɗin a daidaita bisansa sosai kada wani lungu ya zama tafki. A nan sai a ja layuka shida ko bakwai a fangali mai faɗin mita biyu. A ƙasar laka ta cikin gulbi kuwa, wadda take riƙe ruwa ta kuma tsage idan ta bushe, dole a ɗaga shukar daga hanyar ruwa. Ana iya yin kunyoyi masu tazarar santimita 75 a shuka layi biyu a kan kowace kunya, ɗaya a kowace kafaɗa, kimanin santimita 25 zuwa 30 tsakaninsu. Idan tsiro yana kowane santimita 10 an samu kusan 27 a murabba'in mita, idan aka matse zuwa 8 an samu 33. Layi ɗaya a ƙololuwar kunya, kamar yadda ake yi wa masara, shi ne kuskurena na farko da sabuwar riga.

Tsarin da na fi so a laka shi ne ɗagaggen gado mai faɗin santimita 120, layi huɗu a kansa, da kwari mai faɗin 40 tsakanin gado da gado wanda ruwa yake bi, mutum ma yake bi. Amma a nan akwai wani lissafi da ake mantawa. A kan gadon kansa tsiro 33 ne a murabba'in mita, sai dai idan aka haɗa da kwarin, gado mai tsawon mita 10 ya cinye murabba'in mita 16, kuma tsiro 400 da ke kansa sun zama 25 a kowace mita. Wanda yake son ya mayar da abin da kwari ya ci sai ya rage tazarar tsiro zuwa santimita 8, ya samu tsiro 500, wato 31. Layukan gefe suna samun ƙarin haske daga kwarin, saboda haka suna ɗaukar wannan matsi ba tare da wahala ba. Sai a lura cewa a ƙasa mai yashi ruwan kwari ba ya ratsawa ta gefe ya kai tsakiyar gado mai faɗi haka, ƙasa yake nutsewa, don haka a can gadon kada ya wuce layi biyu. Masu tiyon ɗigo kuma su shimfiɗa tiyo a kowane santimita 60, su shuka layi ɗaya a kowane gefensa da nisan santimita 15, wanda ya mayar da su kan tazarar 30 da rabin yawan tiyon da layi-layi zai ci.

Inda ruwa yake zuwa bi da bi, kamar a fadamar Jiratawa kusa da Maradi inda ake ɗago shi daga foraj, wato rijiyar burtsatse, da lantarki a raba wa masu filaye, ko inda kuɗin man injin ya sa mutum yana tsallake ban ruwa, ya kamata a sassauta yawan tsiro zuwa wajen 25. Gona mai cunkoso tana shanye damshin ƙasa da wuri, kuma idan ƙishirwa ta same ta a lokacin fure, furen zubewa yake yi. Amma a rage ta hanyar ƙara tazarar tsiro cikin layi zuwa santimita 12 ko 13, a bar layukan a kusa da juna, domin rufaffiyar ƙasa ita ce take hana rana da iskar bazara busar da abin da aka zuba. Yawan yayyafa iri da hannu kamar alayyafo ba na goyon bayansa a noman rani, saboda wani wuri yana cunkushewa wani ya zama fili, ƙwaya tana faɗawa a zurfi daban-daban, kuma ba hanyar da hauya za ta bi.

Lokacin shuka ma yana taɓa lissafin. Waken mung yana son ɗumi, ya fi jin daɗi a wajen digiri 28 zuwa 30, sanyi yana daƙushe girmansa, zafin da ya haura 40 kuma yana zubar masa da fure. A Maradi daren Disamba da Janairu yana da sanyin da zai sa shi ya tsugune, Afrilu da Mayu kuma suna kaiwa 40 har su wuce. Saboda haka ƙofa biyu ce a buɗe: shukar ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, wadda take nuna kafin sanyi ya kankama, da shukar ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, wadda take fure a Maris kafin zafi ya kai maƙura. Tsiron da ya tashi cikin sauran sanyi ba ya girma sosai, don haka yana bukatar matsi, 30 da 8 ko 25 da 10. Wanda aka shuka cikin ɗumin kaka a ƙasa mai ƙarfi, musamman bayan albasa ko tumatir da suka bar ragowar taki, yana yin ganye da yawa, sai a buɗe masa zuwa 40 da 10. Haka nan iri ya bambanta. Ingantattun irin da suka samo asali daga aikin Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan galibi gajeru ne, masu manyan ƙwaya, masu nuna kusan lokaci ɗaya, kuma su ne suka fi son layi matsattse, yayin da tsohon iri mai rassa da dogon zango yake son sarari.

Bayan an tsayar da yawan tsiron da ake so, sai a koma ga yawan irin da za a saya, kuma a nan tiya ba ta da amfani sai an san nauyin ƙwayar da ƙarfin tsirowarta. A ƙirga ƙwaya 100 a auna a ƙaramin sikeli, za a same ta tsakanin giram 4 zuwa 7. A ƙirga wata 100 ba tare da zaɓe ba, a naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, bayan kwana huɗu ko biyar a buɗe a ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa mai lafiya. A ce 80 suka tsiro. A gona kuma sai a ɗauka cewa ɗaya cikin goma na masu tsirowar zai salwanta saboda tsuntsu, gara, ko ɓawon ƙasa, ke nan 72 cikin 100 ne za su tsaya. Mai son tsiro 333,000 a hekta zai bukaci ƙwaya kusan 463,000. Idan ƙwaya 100 giram 6 ce, kilo 28 ke nan. Idan giram 5 ce, kilo 23. Idan 4 ce, tsakanin 18 da 19. Mai rubu'in hekta da iri mai manyan ƙwaya zai nemi kilo 7, mai fangali na murabba'in mita 10 kuma giram 28 ya ishe shi. Irin da ya gaza 70 cikin 100 a gwajin tsumma gara a dafa shi a nemi wani, domin ƙara yawansa ba ya gyara raunin tsiron. Ƙwaron wake yana cin wannan ƙwaya kamar yadda yake cin wake, kuma irin da ya huda shi ne yawanci yake faɗuwa a gwajin, don haka wanda zai ajiye iri ya busar da shi sosai ya sa a buhun PICS mai ruɓi uku da manoman wake na jiharmu suka riga suka sani.

Ranar shuka ita ce take tabbatar da lissafi ko ta rushe shi. A fara ba fili ruwa ya ƙoshi, a jira kwana ɗaya ko biyu har ƙasa ta daina manne wa hauya, sannan a shuka cikin damshi a zurfin santimita 3 zuwa 4, a yashi a kai 5. Dalilin wannan jeri shi ne waken mung yana fitowa ne da ɓarin ƙwayarsa biyu a ka, yana ture ƙasa da lanƙwasasshen wuya, kuma idan aka shuka a busasshiyar laka aka malala ruwa a kai, saman ƙasa yana yin ɓawo mai tauri wanda yake karya wuyan kafin ya fito. Na taɓa tone layin da bai fito ba na tarar da tsirrai farare a lanƙwashe a ƙarƙashin ɓawo mai kaurin yatsa, kowanne da wuyansa a karye. Idan ɓawon ya riga ya yi, yayyafi mara nauyi da yamma yana sassauta shi. A ja ɗan layi da tsinin kara a bin igiya, a jefa ƙwaya 14 ko 15 a kowace mita idan ana son tsiro 10, a rufe a danna da tafin ƙafa a hankali.

Tsiro yana bayyana cikin kwana huɗu zuwa shida. A kwana na bakwai a zagaya a cike duk giɓin da ya kai kamu ɗaya, domin cikon da ya wuce wannan lokaci ba ya kamo 'yan uwansa, inuwarsu ce za ta danne shi. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 sai a rage inda ya yi yawa, bayan ban ruwa lokacin da ƙasa take da laushi, a cire raunana a bar masu ƙarfi, kuma kada a yi wahalar dasa waɗanda aka cire, domin ba ya son dashe. Daga nan a ɗauki sanda mai tsawon mita ɗaya, a jefa ta a wurare biyar ko shida daban-daban ba tare da zaɓen inda ya fi kyau ba, a ƙirga tsiron da ke layin a tsawonta. A layi mai tazarar santimita 30, tsiro 9 zuwa 11 a mita shi ne abin nema. Idan matsakaicin ya gaza 5 a faɗin gonar kuma lokaci bai ƙure ba, sake shuka ya fi rainon abin da ba zai rufe ƙasa ba.

Noman ciyawa biyu ya wadatar idan tazara ta yi daidai, na farko wajen kwana 15, na biyu wajen 25 zuwa 30, da ƙaramar hauya wadda bakinta bai wuce santimita 15 ba, domin babba ba ta shiga layin 30 sai ta sare saiwa. Wanda ba shi da ita kuma ba zai je wurin maƙeri ba, gara ya yi layin 40 ya matse tsiro zuwa santimita 8, wanda yake ba da 31. Bayan ganye ya haɗe, inuwa ce take ƙarasa aikin. A taki kuma a yi hattara da yuriya, domin a gona mai tsiro 33 ƙarin naitirojin ganye da tsawo yake haifarwa, sai kwanciya ta biyo baya. Abin da ya fi bukata shi ne fosfat, a zuba shi tun wajen gyaran ƙasa tare da ruɓaɓɓen takin gida. Ban ruwa a yashi yana iya zama kowane kwana uku ko huɗu, a laka mako ɗaya ko fiye, amma daga fara fure zuwa cikar ƙwaya kada a bari ganye ya yi yaushi da safe, kuma a yanke ruwa idan mafi yawan kwanso ya fara baƙi, domin ci gaba da ban ruwa yana tayar da sabon fure wanda zai raba girbin gida biyu.

Tazara tana bin manomi har wurin tsinka. Gona mai yawan tsiro daidai tana ɗaukar 'ya'yanta a saman kara, suna nuna kusan tare, sai a gama da tsinka biyu. Gona mai ƙarancin tsiro tana yin rassa masu fure a lokuta daban-daban, na farko yana fashewa yana zubar da ƙwaya alhali na ƙarshe yana ɗanye, sai an shiga sau uku ko huɗu, kuma kowace shiga kuɗin ƙwadago ce. A yi tsinka da safe kafin rana ta busar da kwanso, a tsaya a cikin kwari a miƙa hannu zuwa layuka biyu na kowane gefe, wanda shi ne wani dalilin da ya sa gado bai kamata ya wuce layi huɗu ba.

Wanda yake son ya san abin da ya fi dacewa da ƙasarsa da irinsa, ya ware gado uku masu tsawo ɗaya a wuri mai ƙasa iri ɗaya, ya shuka su rana ɗaya da iri ɗaya: na farko 20 da 10, wato tsiro 50, na biyu 30 da 10, wato 33, na uku 45 da 10, wato 22. Ya ba su ruwa da taki daidai wa daida, ya rubuta ranar da ganyen kowanne ya haɗe, da yawan noman da ya ci, da ko ya kwanta. A girbi kada ya auna layukan gefe ko rabin mita na bakin gado, domin sun sha hasken da na ciki bai samu ba. Ya auna fili daidai a tsakiyar kowanne, alal misali faɗin santimita 180 da tsawon mita 3, wanda yake ɗaukar layi tara a na farko, shida a na biyu, huɗu a na uku, idan ya yi gadajen gwajin da faɗin da zai ba da haka. Ya sussuke kowanne daban, ya shanya su tare na tsawon lokaci ɗaya, ya ɗora a sikeli, sannan ya cire nauyin irin da ya zuba daga abin da kowane gado ya bayar kafin ya kwatanta.